Tagogin da Gwaggo Ta Liƙe

Duk wanda ya ce ba a sanyi a Guangzhou, da zafi ya je saro kaya ya dawo. Ni na ga sanyin garin a farkon shekarar da China ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik, kuma da ɗanyen jego na gan shi. Ba ƙanƙara ce ta zubo mana ba, wannan can arewa da mu ta zuba har ta tsayar da jiragen ƙasa. Namu yayyafi ne da ba ya ɗaukewa, da wani jiƙaƙƙen sanyi mai bin ƙashi, wanda ko riga nawa ka jibga sai ya same ka. Gidajen garin kuwa ba a gina su don sanyi ba. Maƙwabtanmu 'yan China da manyan rigunan sanyi suke cin abinci a falonsu, ga taga a buɗe, wai iska tana shiga.

Mu Allah ya rufa mana asiri da gidan da muka kama. Mijina harkar lodi yake yi a lokacin, yana tattara kayan 'yan kasuwar Kano da na Maraɗi ya cika kwantena. Ni kuma kafin ciki ya tsufa nakan je Xintang in saro wandunan jins in aika wa yayata da ke da shago a gida. Mutumin da muke haya a gidansa, wanda muke ce wa lawban kamar yadda ake ce wa duk wani mai abu a can, yana da 'yar masana'antar injinan ɗumama ruwa. Saboda tsohuwarsa mai ciwon gwiwa ya fasa daɓen gidan, ya shimfiɗa siraran bututu a ƙarƙashin tayil, ruwan ɗumi na zagayawa a ciki. Tsohuwa ta ɗan zauna ta ce ita birni ya ishe ta, ta koma ƙauye. Sai gidan ya faɗo hannunmu.

Ranar da ya ba mu makulli ya tsaya ya yi mana bayani da guntun Turancinsa, hannu da ƙafa suna taya shi. Injin yana baranda, kamanninsa ɗaya da kan esin da ake ajiyewa a waje, sai dai aikinsa a juye yake: ɗan ɗumin da ke cikin iskar waje yake tsintowa, ko da ana sanyi, ya zuba shi a ruwan da ke bin ƙarƙashin ɗaki. Ya nuna mana abin murɗawa a bango, ya sa biro ya ɗiga alama a inda za a bar shi, ƙasa-ƙasa. Ya ce kada a kashe, kada a ƙure. Injin ba ya son gaggawa. Idan aka matsa masa sai ya yi ruwa mai zafi sosai, wuta zai yi ta sha a banza, ƙanƙara ta kama bayansa, ya tsaya narkar da ita ya bar aikinsa. Daɓen kuma yakan daɗe kafin ya ɗauki ɗumi, in ya ɗauka sai ya riƙe. Ya durƙusa ya daddaɓa tayil ɗin, ya kwaikwayi shimfiɗa kafet, ya girgiza kai da ƙarfi. Sannan ya je ya wangale tagogi duka, gaba da baya, har labule ya tashi, ya ɗaga hannu kamar mai kurɓar shayi, ya ajiye kofin da babu shi, ya koma ya rufe su ruf, wato iya shan kofin shayi ɗaya za a bar su a buɗe. Haka da safe, haka da yamma. Ya ce ɗumin a daɓe da bango yake zaune, don haka tsohuwar iska ta fita sabuwa ta shigo, nan da nan ɗaki ya koma yadda yake. Abin da ba ya so shi ne a bar taga a ɗan buɗe yini guda, ɗumi na ta sulalewa.

Duk wannan bayani mijina yana gefe yana waya da wani mutumin Yamai a kan kwalayen takalma. Ni na saurara, ni kuma na riƙa yi tun da sanyi ya fara. Tayil ɗin ba zafi yake yi ba, ka taka dai ka ji babu sanyi, kamar daɓen zaure da la'asar. Da ƙafata kumburarriya ta mai tsohon ciki nake yawo babu takalmi, kuma a duk zamana na China ban samu abin da ya yi min daɗi kamar wannan ba.

Na haihu sanyin yana kan ganiyarsa. Mace, 'yar fari, aka mayar mata da sunan mahaifiyar mijina mai rasuwa. Mahaifiyata ba ta samu biza ba, sai aka ce Gwaggo ta zo. Ƙanwar mahaifin mijina ce, ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsa, kuma da ma tana shigowa saro mayafai a kasuwar Baima, hanya a buɗe take gare ta. Ba zan yi mata ƙarya ba, Gwaggo ta iya jego. Ta zo da busasshen ganyen darbejiya, da garin kunu, da kanwa, da yaji, da kwalaben turaren wuta, har da kaskonta na ƙasa a naɗe cikin zani. Hannunta a jikin jariri abin kallo ne. Ranar da ta sauka har hawaye na yi don murna.

Washegari ta sa tafin hannu a kan tayil, ta daɗe, ta ɗago ta dubi mijina.

"Wannan ita ce wutar da kake ba ni labari a waya? Wannan ko man shanu ba za ta narkar ba. A garinmu gadon ƙasa ake hura wa wuta mai jego ta hau ta gasu. Kai ka ajiye 'yar mutane a kan tangaran tsirara? Maza a samo kafet."

Kafin azahar ya sa an hawo da manyan kafet biyu daga sito, masu kauri, irin na masallaci. Gwaggo ta ɗora barguna a kai a inda muke zama. Na ja shi ɗaki na ce masa lawban ya hana, ɗumin ba zai iya ratso kafet ba. Ya ce, "Ki bari mana, kwana nawa ne gaba ɗaya?"

Abin da zai faru ya faru. An binne ɗumin a ƙarƙashin kafet, ɗaki ya ɗauki sanyi. Gwaggo ta ce da ma ta san za a yi haka, kayan China ne, jabu. Ta gano abin murɗawar nan na bango, ta mayar da shi kamar risho: da yamma ta ƙure shi har ƙarshe, da safe ta kashe wai inji ya huta kada ya ƙone. Injin ya yi ta nishi a baranda, bayansa ya yi fari fat da ƙanƙara, ya tsaya, ya tashi, ya tsaya. Kafin daɓe ya fara ɗaukar wani abu an kashe shi. Da sanyi ya ƙi tafiya sai ta bi tagogi da bayan hannu tana neman ta inda yake shigowa. Ta ɗauko salatif ɗin mijina, babban nan mai ruwan ƙasa da ake ɗaure kwali da shi, ta bi kowace taga ta liƙe, falo da ɗakuna da kicin. 'Yar kafar da ke fitar da tururi a banɗaki ma ta cusa mata tsumma. Aiki mai kyau ta yi, ko kwalin da zai tsallaka teku ba a liƙe shi haka.

Sai gawayi. Da farko na turare ne, ƙwaya biyu a kasko bayan wanka. Da ta ga kaskon yana ba da ɗumin da ta sani, wanda ake gani da ido, sai ya zama yini yake yi a tsakar falo. Ga babbar tukunya tana tafasa safe da yamma don wankana, tururi ya cika gida ya rasa hanyar fita. Ga wankin jaririya an shanya a kan kujeru tunda baranda yayyafi. Gilashin tagogi ya riƙa zubar da ruwa ta ciki. Kusurwar bango ta bayan gado ta fara yin baƙi-baƙi da fumfuna. Ni kaina kullum da ciwon kai nake tashi, wani nauyi a goshi kamar an ɗaura min dutse.

Ana haka yarinyar ta fara tari.

A nan ne abin ya fi ci min rai, domin 'yar fari ce, kuma a gaban dangin miji. Ba na ɗaukarta sai an miƙo min. Ina ba ta nono ina kallon bango, kamar 'yar wani aka ba ni aro. In ta yi kuka ba na waiwayawa, in za a yi maganarta sai in ce "ita wannan". Haka aka rene ni, kuma ban taɓa ganin aibin abin ba. A gida kunyar nan ba ta cutar da kowa, domin uwa tana kau da kai ne a gidan da mata goma ke kallon jaririn, a tsakar gidan da sama ce rufinsa, hayaƙi ya tashi ya yi tafiyarsa. Mu kuwa mu uku ne a cikin akwati a can saman bene: ɗaya ta liƙe tagogi, ɗaya al'ada ta rufe mata baki, na ukun kuma shi ya rufe nasa da kansa.

Duk da haka na gwada. Na ce, "Gwaggo, ni ce kaina ke ciwo, ko za a ɗan buɗe taga iska ta shigo?" Na ɗora wa kaina don kada a ce na yi maganar 'ya. Ta ce ciwon kan mai jego ai jini ne, in ƙara shan kunu. Sai na koma sata. In ta shiga wanka ko ta tayar da salla, in lallaɓa ɗaki in ɓare salatif, in lulluɓe yarinyar, in wangale taga in tsaya ina shaƙar iska kamar wadda aka tsamo daga rijiya, sannan in mayar in liƙe. Salatif kuwa in an ɓare shi ba ya komawa daidai. Wata safiya ta shigo ta same ni tsaye, labule na kaɗawa.

"Innalillahi! Ke 'yar nan, kashe ta za ki yi?"

Ta fizge yarinyar ta rungume. Ta rufe tagar da kanta, sannan ta zauna a bakin gado ta faɗa min abin da ban taɓa ji ba. Ɗanta na biyu a cikin jego ya rasu, da sanyin hunturu, a ɗakin da ƙyaurensa ya ɓalle. Ta ce sanyi ne ya shiga haƙarƙarinsa, kuma tun daga ranar ba ta taɓa yin jegon da ta bar iska ta taɓa jariri ba. Tana faɗa tana share ido da bakin mayafi. Na ji tausayinta har zuciyata, kuma har yau ina ji. Amma tausayin bai fitar da hayaƙi daga ɗakin ba, ta sa sabon salatif ninki biyu.

Shi ya sa fushina ba a kanta ya fi yawa ba. Gwaggo abin da ta yarda da shi take yi. Mijina kuwa ya sani. Ya sani sarai, domin shi ma kansa na ciwo, na sha ganinsa yana fita matattakalar bene wai zai amsa waya, alhali iska ya je sha. Sito da a da yake barowa da la'asar ya koma sai bayan magariba. Shi yana da ƙafar fita. Ya dawo ya zauna yana ba mu labarin yadda ya ɗaga wa wani mai masana'anta murya a Xintang saboda zif ɗin wando ya karkace, yadda ya buga tebur har mutumin ya ba da haƙuri. Ko ya ba mu labarin dandazon ma'aikatan da suka maƙale a tashar jirgin ƙasa ta kusa da Baima, suna son tafiya gida bikin sabuwar shekararsu babu hanya, yana ta tausaya musu, bayin Allah a cikin ruwa. Yana faɗa 'yarsa na tari a bayansa.

Na tare shi a ɗaki, na ja ƙofa.

"Alhaji, yarinyar nan ƙirjinta kuka yake."

"Gwaggo ta ce majina ce, ta ga irinta ta fi a ƙirga."

"Ka san ba majina ba ce. Ka ce mata a ɗauke kafet, a bar injin a kan alamar, a riƙa buɗe taga. Ɗakin zai yi ɗumi, ba sai an hura gawayi ba. Ai ka gani da idonka kafin ta zo."

"Ni in ce wa Gwaggo ba ta iya ba? Matar da ta goya ni a bayanta? Haba, Hajiya."

"To kira lawban ya zo ya yi mata bayani."

"Ya tafi garinsu biki, wayarsa a kashe. Lawban meyo," ya ce, yana 'yar dariya, irin yadda masu shago ke cewa babu.

Dariyar nan ta ƙona min rai. Mutumin da zai yi rigima da ƙato a kan zif, a ƙasar da ba tasa ba, da yaren da bai iya ba, shi ne ya kasa haɗa kalma biyu a gaban tsohuwar da ke ƙaunarsa kamar ranta, wadda da ya lallaɓa ta da ta ji. Ladabi yake kiran abin. Ni tsoro na gani, tsoron kada a ce a Kano ya bi bayan mata.

Ranar wata Juma'a da hantsi, bayan an yi wa yarinyar wanka, aka miƙo min ita ta ƙi kama nono. Ta kama ta saki, ta kama ta saki, numfashi ba ya isar ta. Na ɗaga rigarta na ga fatar tsakanin haƙarƙarinta tana lotsawa ciki duk jan numfashi, ga wani siririn fito yana fita. Gwaggo ma ta gani, ta tsorata, sai ta yi abin da ta sani: ta jawo kasko kusa, ta barbaɗa wani garin magani a kan garwashi, ta ce a kawo ta a yi mata hayaƙi ƙirjin ya buɗe.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ƙanƙame yarinyar na ja da baya har bango.

"Ba za a yi mata ba. 'Yata ce, asibiti zan kai ta."

A gaban Gwaggo na ce 'yata, da bakina, da ƙarfi. Ta riƙe haɓa tana salati, ta ce yau ta ga abin da ya ishe ta, mai jego ko arba'in ba ta yi ba za ta fita cikin ruwa, kuma a kan 'yar fari take wannan rashin ta-ido. Mijina yana tsaye a bakin ƙofa, ya sha shadda da hula zai tafi masallacin Huaisheng. Na ce masa ko ya kai mu ko in sauka in tari tasi ni kaɗai. Bai dube ni ba, bai dubi 'yarsa da ke fama da numfashi ba. Gwaggo ya duba. Izini yake jira. Sai da ta kau da kai ta ce, "Ku je mana, ni na isa in hana?" sannan ya ɗauki lema.

Likitar da ta gan mu mace ce, tana jin Turanci daidai gwargwado. Tana buɗe shawul ɗin yarinyar ta ɗan ja da baya, ta sake kai hanci ta sansana. Ta tambaya wa ke shan taba a gidan. Mijina ya ce babu kowa, ya faɗa da ƙarfin gwiwar mai gaskiya. Ni na ce mata gawayi ne, a ɗaki, tagogi a liƙe. Ya taka min ƙafa, ya ce da Hausa, "Ba sai kin faɗa musu komai ba, za su ce baƙaƙen fata ba su da hankali." Na janye ƙafata na ƙarasa bayanina, har da fumfunar bango. Likitar ta ce ciwon ƙirji ne irin na jarirai, hayaƙi da damshi kuma sun ƙara masa ƙarfi. Babu abin da ta faɗa wanda ban faɗa a ɗakinmu ba, sai dai ita da farar riga ta faɗa.

Aka kwantar da mu. Aka sa wa yarinyar siririyar robar iska a hanci, aka nemi jijiya a hannun da bai kai babban yatsana kauri ba. A ɗakin da muke, kakannin yaran 'yan China suna zaune da rigunan sanyi, lokaci-lokaci wata ta tashi ta buɗe taga ta rufe. Babu wanda ya san 'yar fari ce, babu wanda ya damu. A nan na fara kallon fuskar 'yata sosai, na ga ashe goshin mahaifina ta ɗauko. Da ta fara kama nono, fiton ya ragu, na gaya wa mijina magana ɗaya: ba zan mayar da ita gidan nan ba sai an naɗe kafet, an ɓare tagogi, kasko ya fita. In ba haka ba ya nema mana ɗaki a otal. Ya sosa ƙeya ya ce, "Bar min wannan."

Ranar da aka sallame mu na shiga gidan ban gane shi ba. Kafet a naɗe an jingine su a lungu. Tagogi fes, sai sawun gam a jikin ƙarfe. An goge bango, kasko na baranda a kife. Abin murɗawa yana kan ɗigon biro daidai, injin na ta aikinsa a hankali babu nishi. Na cire takalmi na taka tayil na ji ɗumin nan da na sani. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na dubi mijina na ji kunyar duk abin da na raya a kansa, na ce a raina ashe dai ya iya, ashe ya zauna da ita ya faɗa mata gaskiya.

Gwaggo ta karɓi yarinyar tana yi mana sannu, sannan ta ce, "Kin ga aikin da aka sa mu? Mai gidan ne ya bugo waya daga garinsu, ya ce dokar gidansa ce, ba kafet, ba gawayi, taga safe da yamma. Wai saboda wasannin nan da za su yi hukuma ta tsananta, ana iya zuwa dubawa. To gidan mutum ai gidansa ne, mu baƙi sai mu bi."

Na juya na dubi mijina. Ya kashe min ido ɗaya.

Lawban bai bugo ba. Wayarsa tana kashe har bayan bikinsu. Abin da na yi ta roƙo, abin da likita ta faɗa, abin da haƙarƙarin jaririya ya nuna wa kowa, duk bai isa a faɗa wa Gwaggo ba. Sai da aka ƙirƙiro umarnin wani namiji, mai gida, ɗan China da ba ta taɓa gani ba, a take ta bi. Kuma ta bi da gaske. Ita da kanta take wangale tagogin safe da yamma, ta kai yarinyar ɗaya ɗakin ta lulluɓe, ta tsaya tana mita a kan dokar mutanen nan, ta rufe. Ba ta ƙara taɓa abin murɗawar ba. Har cewa ta yi ashe mutumin ya aiko an gyara injin, ga shi yanzu yana ɗumi.

Abin da ban farga da shi ba sai da ta zo tafiya. Tunda ba a taɓa ce mata hayaƙi ne ba, a wajenta dalilin ciwon ɗaya ne tak, kuma da idonta ta gan shi: safiyar da ta same ni tsaye labule na kaɗawa. An sauke jakunkunanta, na durƙusa ina yi mata godiya kamar yadda ya kamata, ta dafa kaina.

"Na yafe miki, 'yar nan, ƙuruciya ce. Allah ya kiyaye gaba. Amma ki ji tsoron Allah, kada ki ƙara buɗe wa jariri taga a kansa. Kin ga dai inda ya kai mu."

Mijina yana tsaye da jakar hannunta. Na ɗaga kai na dube shi. Ya duba agogo ya ce kada su makara. Da ya dawo daga filin jirgi har da fara'arsa, ya ce, "Kin ga dabara ko? An gyara gida, yarinya ta warke, ba a ɓata da kowa ba."

Labarin da Gwaggo ta kai Kano ke nan, kuma shi ya zauna. A danginsu ni ce matar da ta buɗe taga a China sanyi ya kama jaririya, ga rashin kunya a kan 'yar fari. A gidan suna an sha ba wa sababbin masu jego misali da ni, ina zaune. Gwaggo ta rasu da wannan a ranta, tana ganin ta yafe min babban laifi, kuma ban taɓa iya buɗe baki na ƙaryata tsohuwar da ta tsallako duniya ta yi min wanka da hannunta ba. Wanda ya kamata ya gyara maganar yana nan, lafiyarsa ƙalau.

Yarinyar ta girma, ta fi ni tsawo. Kwanakin baya ta dawo daga gidan 'yan uwan babanta, muna zaune a falo yana shan shayi, ta ce, "Umma, wai da gaske ne ke kika buɗe min taga ina jaririya har na kusa mutuwa?"

Na juya na zuba masa ido, na ba shi lokaci, na ce ko yau. Ya hura shayinsa ya ce ai abin ya wuce, a bar tone-tone.

Na ce mata, "Ni na buɗe. Tambayi babanki wanda ya rufe, da wanda ya tsaya yana kallo."

Ta juya wajensa tana jira. Ya ajiye kofin ya ce bari ya je ya duba ko ya kulle mota.